Magana a Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zance Tsakanin Iyali a Alƙur'ani da Sunna

Da yawa daga cikin rigingimun iyali da ake kaiwa gaban iyaye, limamai da alƙalai, idan aka bi diddiginsu, za a tarar sun samo asali ne daga wata magana da aka faɗa ba yadda ya kamata ba, ko kuma wata da ya kamata a faɗa aka haɗiye ta shekara da shekaru. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi wannan al'amari ne, kuma an nemo amsoshinsu daga ayoyin Alƙur'ani da ingantattun hadisai.

Shin Alƙur'ani ya taɓo yadda iyali suke magana da juna, ko kuwa hukunce-hukuncen aure da gado kawai ya kawo?

Ya taɓo, kuma ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce umarni kai tsaye, kamar aya ta 23 a Suratul Isra'i, inda aka hana ɗa ya ce wa iyayensa ko da "uf", aka hana shi yi musu tsawa, aka umarce shi da ya yi musu magana ta girmamawa. Haka nan a aya ta 8 ta Suratun Nisa'i an ce idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabon gado a ba su wani abu, a kuma faɗa musu magana mai kyau, wato ko a wurin da ake lissafin dukiya ba a manta da harshe ba.

Hanya ta biyu ita ce hirarrakin da Alƙur'ani ya kawo da lafazin masu su. A cikinsu akwai uba yana yi wa ɗansa magana, akwai ɗa yana yi wa ubansa, akwai 'yar dattijon Madyana tana ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa, akwai matar Fir'auna tana roƙon mijinta kada a kashe jaririn da aka tsinta, akwai kuma Annabi Haruna (AS) yana kwantar da fushin ɗan'uwansa da kiran "ya ɗan mahaifiyata". Wanda ya jera waɗannan wurare zai lura cewa magana a gidajen da Alƙur'ani ya ba da labarinsu ba daga sama take saukowa kawai ba, tana kuma hawa daga ƙasa zuwa sama, ana kuma sauraron ta.

Me uba zai koya daga yadda annabawa da bayin Allah na gari suka yi wa 'ya'yansu magana?

Abu na farko shi ne kiran da suke buɗe magana da shi. Luƙmanu, wanda mafi yawan malamai suke ganin bawan Allah ne mai hikima ba annabi ba, ya kira ɗansa da "ya bunayya" sau uku a cikin wasiyyarsa, kalmar da ke nuna ƙauna da jawowa a jiki. Da ita Annabi Yaƙubu (AS) ya kira Yusufu, kuma da ita Annabi Nuhu (AS) ya kira ɗansa da ya bijire, a lokacin da ruwa ya riga ya fara cin ƙasa. Bijirewar yaron ba ta sa uban ya sauya kiran zuwa zagi ba.

Abu na biyu shi ne bayar da dalili. Luƙmanu bai tsaya a kan hana shirka ba, sai da ya ce domin ita zalunci ce mai girma. Da zai koya wa yaron cewa Allah yana ganin komai, sai ya buga masa misali da abu mai nauyin ƙwayar komayya da ke ɓoye a cikin dutse. Annabi Yaƙubu ma da ya hana Yusufu faɗa wa 'yan'uwansa mafarkinsa, ya gaya masa abin da yake gudu. Kafin ma a zo nan, ya kamata mu tambayi kanmu yadda aka yi ƙaramin yaro ya tashi daga barci ya nufi mahaifinsa da labarin mafarki. Hakan ba ya faruwa sai a gidan da yaro ya saba cewa idan ya zo da magana za a saurare shi.

Wuri mafi girgiza zuciya shi ne aya ta 102 a Suratus Saffat. Annabi Ibrahimu (AS) ya ga umarnin yanka ɗansa a mafarki, kuma mafarkin annabawa wahayi ne da babu makawa sai an zartar da shi, amma duk da haka ya gaya wa yaron, ya kuma ce masa ya duba ya faɗi abin da yake gani. Idan uban da ke ɗauke da umarnin Allah ya nemi jin ta bakin ɗansa, ban ga hujjar uban da zai zaɓa wa ɗansa makaranta, sana'a ko mata ba tare da ya zaunar da shi ko sau ɗaya ba. Neman ra'ayi bai rage wa Annabi Ibrahimu girma ba, shi ne ma ya ba ɗan damar faɗin kalmar biyayya da bakinsa.

Ashe kunya ba ta cikin imani? Me ya sa ake ɗora mata laifin rashin magana a gidajenmu?

Kunya tana cikin imani, kuma Annabi (SAW) ya ce ba ta kawo komai sai alheri. Ba a kan wannan kunyar ake magana ba. A ƙasar Hausa muna da al'adar alkunya, inda uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, matar aure ba ta kiran sunan mijinta, suruki yana kauce wa surukinsa, uba kuma ba ya sakin fuska da 'ya'yansa a gaban manyansa. Akwai kyawu a cikin wannan, domin ta tsare mana girmamawar da wasu al'ummomi suka rasa. Sai dai a da, lokacin da ake zaman gandu, abin da uba ya ji nauyin faɗa akwai kaka da zai faɗa cikin wasa, akwai baffa, akwai gwaggo, akwai kawu. Yaron da uwarsa take kunyarsa yana da mariƙiya. Yanzu miji da mata sun tare a gidan haya su kaɗai da 'ya'yansu, kakanni suna ƙauye ko wata unguwa mai nisa, amma mun taho da shirun mun baro waɗanda suke cike gurbinsa. Yarinya za ta kai munzali ba wanda ya yi mata bayanin jinin al'ada da wankan tsarki, yaro zai balaga ba wanda ya gaya masa hukuncin mafarki, kuma dukkansu za su samo amsa a waya ko a bakin abokai.

Matan sahabbai ba su ɗauki wannan a matsayin kunya ba. Ummu Sulaim (RA) ta zo gaban Annabi (SAW) ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta tambayi hukuncin mace idan ta yi mafarki. Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Shi kansa Annabi (SAW) idan 'yarsa Faɗima (RA) ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jinƙai ba za a ji ƙansa ba. Don haka uwa za ta iya ci gaba da sakaya sunan ɗan farinta, babu laifi a ciki, amma wajibin koyar da shi da sauraron damuwarsa bai sauka daga kanta ba.

Ɗa zai iya saɓa wa ra'ayin mahaifinsa ba tare da ya zama mai saɓa wa iyaye ba?

Zai iya, matuƙar ya kiyaye lafazi da murya. A Suratu Maryam, daga aya ta 42 zuwa ta 45, Annabi Ibrahimu ya yi wa mahaifinsa magana kan mafi girman saɓani, wato bautar gumaka, kuma sau huɗu yana buɗewa da "ya babana". Bai ce masa jahili ba, sai ya ce wani ilimi ya zo masa wanda bai zo wa mahaifin ba. Da uban ya yi barazanar jifan sa ya kuma kore shi, sai ya amsa da aminci da alƙawarin nema masa gafara. Suratu Luƙman ma ta ce ko iyaye sun matsa wa ɗa ya yi shirka kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Wannan ya shafi matasan da suka yi karatu, na boko ko na addini, suka dawo gida suna gyara wa iyayensu salla ko aƙida da ɗaga murya a gaban ƙanne. Mai yiwuwa gaskiya tana tare da su a mas'alar, amma sun faɗa cikin abin da ayar Suratul Isra'i ta hana ƙarara.

Dole ne miji ya shawarci matarsa? Ba an ce a shawarce su a saɓa musu ba?

Wannan zancen da ake yawo da shi malaman hadisi sun bayyana cewa ba shi da asali daga Annabi (SAW), kuma aikinsa ya saɓa masa. A shekara ta 6 bayan hijira, bayan an ƙulla sulhun Hudaibiyya, ya umarci sahabbai har sau uku su yanka dabbobin hadayarsu su yi aski, amma baƙin cikin sharuɗɗan sulhun ya hana kowa motsi. Ya shiga wurin Ummu Salama (RA) ya gaya mata, ita kuma ta ce ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa, ya kira wanzaminsa. Ya yi hakan, nan take jama'a suka bi. Tun farkon wahayi ma wurin Nana Khadija (RA) ya nufa yana makyarkyata, ita ta kwantar masa da hankali ta hanyar lissafa masa kyawawan halayensa, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal.

A cikin Alƙur'ani, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora yaye yaro kafin cikar shekara 2 a kan yardar iyayen biyu da shawararsu. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuwa ta umarci waɗanda suka riga suka rabu su yi shawara a tsakaninsu da kyautatawa kan shayar da ɗansu. Idan ana neman shawara tsakanin waɗanda igiyar aure ta tsinke a tsakaninsu, masu zaune a ɗaki ɗaya sun fi cancanta. Shugabancin gida yana hannun maigida, amma matar da ba ta san abin da mijinta yake samu ba, ba ta san bashin da ke kansa ba, sai dai ta ji a bakin maƙwabta cewa zai ƙara aure ko zai sayar da gida, an tauye mata wani abu da shari'a ta kira zama da alheri.

Idan mace ta mayar wa mijinta magana, rashin tarbiyya ne?

Ya danganta da irin maganar. Sayyidina Umar (RA) ya ba da labarin cewa ya yi wa matarsa faɗa wata rana ta mayar masa, abin ya ba shi mamaki, sai ta ce masa ai matan Annabi (SAW) ma suna mayar masa, har wata takan ƙaurace masa yini guda zuwa dare. Suratul Mujadala ta buɗe ne da cewa Allah ya ji maganar matar da take jayayya da Annabi game da mijinta, wato Khaula 'yar Sa'alaba, wadda mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari (ya haramta ta ga kansa ta hanyar kamanta ta da mahaifiyarsa), kuma a kan kukanta hukunci ya sauka. Faɗin damuwa haƙƙi ne. Abin da aka hana kowa, miji ko mata, shi ne zagi, gori, izgili da laƙabin ƙasƙanci, kamar yadda aya ta 11 a Suratul Hujurat ta zayyana.

Akwai wani hadisi mai taushi da ya kamata kowane magidanci ya sani. Annabi (SAW) ya ce wa A'isha yana gane lokacin da take jin daɗinsa da lokacin da take fushi da shi, domin idan tana jin daɗi takan rantse da Ubangijin Muhammadu, idan tana fushi kuma da Ubangijin Ibrahimu. Ta ce haka ne, amma sunansa kawai take ƙaurace wa. Shi ya saurari matarsa har ya gane fushinta daga sauyin kalma ɗaya, ita kuma ta yi fushin da bai ƙetare iyaka ba. Gabar da ake kwashe makonni ana yi, ana aika yara da saƙo tsakanin uwa da uba, ba ta da gurbi a nan, domin an hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku.

Hira ta nishaɗi da iyali tana da wani matsayi a addini?

Tana da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito doguwar hirar da A'isha ta yi wa Annabi (SAW) game da mata 11 da suka zauna kowace tana siffanta mijinta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi a wurinta kamar Abu Zar'in ne a wurin Ummu Zar'in, wato ɗaya daga cikin matan nan, wadda ta yi ta yabon mijinta Abu Zar'in. Ya kuma tsaya ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umair labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Maigidan da yake fita da asuba, ya wuce majalisa bayan magariba, ya dawo yara sun yi barci, ya kuma ɗauki waya har barci ya kwashe shi, ya ciyar ya tufatar, amma iyalinsa ba su san shi ba. Uwar da idonta yake kan waya yaro yana ba ta labarin makaranta ita ma haka ne.

Ya halatta miji ko mata su riƙa binciken wayar juna?

Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane, ba ta kuma ware ma'aurata ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa cikin dare yana tuhumar su da ha'inci ko yana neman kama su da laifi. Wanda wani abu ya tsaya masa a rai ya tambaya ido da ido. A aya ta 3 ta Suratut Tahrim, da wata daga cikin matansa ta fitar da sirrin da ya gaya mata, Annabi (SAW) ya tuna mata wani sashe ya kau da kai daga wani. Ƙananan yara hukuncinsu daban ne, domin kula da abin da suke kallo amana ce a wuyan iyaye, sai dai ya fi kyau yaro ya san tun ranar da aka ba shi wayar cewa za a riƙa dubawa.

Kai ƙarar miji ko mata ga wani ya shiga tona asirin gida?

Hindu 'yar Utba ta gaya wa Annabi (SAW) cewa mijinta Abu Sufyan ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, kuma bai tsawata mata ba, ya ba ta mafita. Saboda haka kai kuka wurin wanda zai iya share hawaye halal ne, kuma macen da ake duka ko ake hana ta abinci kada wani ya rufe mata baki da sunan haƙuri. Wannan daban yake da baza matsalar ɗaki a WhatsApp ko Facebook don jama'a su yi sharhi, ko yi wa kishiya da dangin miji habaici a inda kowa zai gani. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa, domin ma'auratan za su shirya amma hoton rubutun yana nan a wayoyin mutane. Sirrin shimfiɗa kuma hadisin Muslim ya sanya mai yaɗa shi cikin mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar alƙiyama.

Yaya maigida mai mata fiye da ɗaya zai kiyaye harshensa?

Kada ya ɗauki maganar wannan ɗaki ya kai wancan, kada ya yabi wata don ya ƙona ran wata, kada kuma ya yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Lokacin da kishi ya sa ɗaya daga cikin matan Annabi (SAW) ta buge akushin abincin da wata ta aiko ya fashe, sai ya tattara abincin yana ce wa waɗanda ke wurin "mahaifiyarku ta yi kishi", sannan ya mayar da lafiyayyen akushi a madadin fasasshen. Ya biya wadda aka yi wa ɓarna, bai kuma tozarta wadda ta yi ba. Game da 'yan uba, Suratu Yusuf ta nuna cewa makircin 'yan'uwan ya faro ne daga ganin da suke yi an fi son Yusufu da ɗan'uwansa, kuma Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da Bashir ya yi wa ɗansa Nu'umanu shi kaɗai, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Sai an tambayi yarinya kafin a aurar da ita?

Hadisi ya ce a nemi iznin budurwa, kuma shirunta izni ne, bazawara kuwa sai ta furta. Khansa'u 'yar Khizam, wadda bazawara ce, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, Annabi (SAW) ya warware auren. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, an ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma malaman mazhabar sun so ya shawarce ta, wasu mazhabobin kuma ba su ba shi wannan iko a kan baliga ba. Shirun da aka ɗauka a matsayin izni shi ne na kunya. Yarinyar da take kuka tana cewa ba ta so, ko wadda tsoro ya hana ta buɗe baki, ba ta yi irin wannan shirun ba, kuma uwa ko gwaggo ce ta fi cancanta a tura ta jiyo gaskiyar abin da ke ranta.

Idan magana ta ƙi ci tsakanin ma'aurata, mene ne mataki na gaba?

Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, kuma idan suna nufin gyara Allah zai daidaita tsakani. An zaɓi dangi ne saboda sun san tarihin gidan kuma asirin ma'auratan nasu ne. Da Ali (RA) ya samu saɓani da Faɗima ya fita ya kwanta a masallaci, Annabi (SAW) bai tsaya tuhumar surukinsa ba, ya same shi yana kakkaɓe masa ƙasa daga jiki yana cewa ya tashi, yana kiran sa Abu Turab, wato mai ƙasa. Iyayen da 'yarsu ta yi yaji suna da abin koyi a nan.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne gaggawar saki, musamman ta saƙon waya. Malamai da dama suna ɗaukar irin wannan saƙo a matsayin rubutu, saki kuma yana aukuwa da rubutu idan da niyya, ga shi hadisi ya ce aure da saki da kome gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne. Wanda ya riga ya aika irin wannan saƙo kada ya yi wa kansa fatawa, ya tafi da wayar wurin alƙali ko malamin da ya san fiƙihu, ya faɗi halin da yake ciki lokacin da ya rubuta, da adadin sakin da ya taɓa yi a baya.